Harafi ɗaya ya sauya: tsarin ADN da furotin, da matsalar bayanin amosanin jini da Hausa

0. Gabatarwa

A ƙauyukan ƙaramar hukumar Gabi, cikin gundumar Madarumfa, kudu da Maraɗi, idan yaro ya tashi da ciwon ƙashi mai tafiya yana dawowa, idanunsa suna yin ɗorawa, jikinsa ba ya kumari, sunan ciwon ya danganta da bakin mai magana. Tsofaffi su ce amosani. Masu zirga-zirga zuwa Jibiya da Katsina su ce sikila, kalmar da aka aro daga Ingilishi. Waɗanda suka saba da zuwa likita su ce emasi, wadda asalinta hématie ce ta Faransanci, watau jar ƙwayar jini. A takardar likita kuwa drépanocytose ake rubutawa. Suna huɗu ke nan, amma bayani ɗaya ake komawa gida da shi: « a jini yake ».

Lokacin da muke tattara kalmomin sassan jiki da na cututtuka a yankin, mun ga inda wannan ɗan gajeren bayani yake kai mutane. A wani gida an binne yara biyu, na uku yana kwance, dangin miji kuma sun riga sun yanke hukunci: tun da a jini yake, kuma a cikin uwa ɗa yake yin wata 9, to jininta ne. Ana ce mata mai wabi, ana maganar saki. Wanda ya yi musu bayanin bai yi ƙarya ba, fassarar ce ta gaza.

Manufar wannan maƙala biyu ce. Ta farko, mu bayyana da Hausa tubalan da aka gina ADN da furotin da su, da yadda suke jeruwa. Ta biyu, mu nuna cewa sai an fahimci wannan tsari kafin a iya gyara waccan jimla. Mu ba masana ilmin halitta ba ne. Abin da ya ba mu ƙarfin halin shiga gonar wasu shi ne su kansu masu gonar da kalmominmu suke aiki: harafi, saƙo, kwafi, fassara. Tun a 1968 aka haɗa Roman Jakobson da Claude Lévi-Strauss da François Jacob da Philippe L'Héritier a talabijin ta Faransa domin su tattauna kamancin da ke tsakanin harshe da gadon halitta.

1. ADN: zare mai haruffa 4

Jikin mutum taron ƙwayoyi ne ƙanana da ido ba ya gani, kuma galibin ire-irensu suna da cibiya. A 1869, a garin Tübingen na Jamus, Friedrich Miescher ya tsamo wani sinadari mai yawan fosfor daga cibiyar fararen ƙwayoyin jini, waɗanda ya samo daga mugunyar bandejin marasa lafiya. Shi ne muke kira ADN a yau. Sai a 1944 Oswald Avery da abokan aikinsa suka nuna cewa shi ne ke ɗauke da gado.

ADN zare ne dogo, tubalinsa kuwa nikileyotid. Kowane nikileyotid gaɓa 3 gare shi: fosfat, da wani sukari mai karbon 5 da ake kira dezoksiriboz, da wani sinadari mai azot da ake kira baz. Fosfat da sukari ba su sauyawa. Su ke riƙe juna, sukari ya kama fosfat, fosfat ya kama sukari na gaba, su zama ƙashin bayan zaren. Baz ce ke bambanta, kuma iri 4 ce: adenin (A), timin (T), guwanin (G), sitozin (C). Duk saƙon da ke cikin ADN yana ga jerin waɗannan 4, shi ya sa ake ce musu haruffa.

A 1950 Erwin Chargaff ya lura cewa a cikin ADN yawan A daidai yake da na T, yawan G kuma daidai da na C. Dalilin haka ya fito a 1953, sa'ad da James Watson da Francis Crick, a Kambirij ta Ingila, suka bayyana siffar ADN, bisa hotunan haskoki na Rosalind Franklin da Maurice Wilkins. Zaren sili 2 ne da aka tufke kamar igiya. In an warware tufkar a zuci, sai a ga tsani: ƙasusuwan baya 2 su ne sandunan gefe, baz 2 masu fuskantar juna kuma su ne kowane mataki. A ba ta kama kowa sai T, G ba ta kama kowa sai C:

(1) sili na farko: C C T G A G G A G
sili na biyu: G G A C T C C T C

Tsakanin A da T ɗauri 2 ne na idirojen, tsakanin G da C ɗauri 3. Ɗaurin nan ba su da ƙarfi, saboda haka silin suna rabuwa ba tare da sun tsinke ba. Nan asirin gado yake: idan ƙwaya za ta rabu biyu sai a warware tufkar, kowane sili ya zama ma'aunin da za a jera sabon abokinsa a kai, a sami zare 2 masu saƙo ɗaya. A lura kuma silin ba su fuskanci wuri ɗaya ba, ɗaya kansa sama, ɗaya kansa ƙasa. Kowane yana da gefen da ake fara karanta shi, kamar yadda boko ke farawa daga hagu, ajami daga dama.

Faɗin zaren nanomita 2 ne, nanomita kuwa kashi 1 ne cikin miliyan na milimita. Amma ADN ɗin ƙwaya guda ta mutum, in an miƙe shi, ya kai wajen mita 2. An naɗe shi cikin ƙunshi 46 da ake kira kuromozom: 23 daga uwa, 23 daga uba. Kowane kashi na 23 yana ɗauke da matakan tsani wajen miliyan dubu 3. A riƙe wannan rabo na 23 da 23, za mu komo gare shi.

ADN yana da ɗan'uwa, ARN. Bambancinsu 3 ne: sukarin ARN riboz ne, urasil (U) ke zama a gurbin T, kuma galibi sili ɗaya ne.

2. Furotin: carbi mai ƴaƴa iri 20

A littattafan lakwal an saba fassara furotin da « abinci mai gina jiki ». Wannan ya isa a darasin abinci, amma yana ɓoye cewa furotin su ne ma'aikatan jiki. Gashi da farce furotin ne. Sinadaran yawu da na ciki masu narkar da tuwo furotin ne. Insulin mai daidaita sukarin jini furotin ne, haka ma emogulobin, mai ɗaukar iskar oksijen daga huhu zuwa sassan jiki.

Tubalin furotin shi ne asid amine. Kowane yana da karbon guda a tsakiya mai hannu 4: ɗaya yana riƙe da gungu mai azot, ɗaya da gungun asid, ɗaya da idirojen, na huɗu da reshe. Ukun farko ɗaya suke ga kowa, reshen ne ke bambanta, kuma iri 20 ne. Gungun asid na wannan yakan kama gungun azot na mai bi masa, ƙwayar ruwa guda ta fita, haka har a sami sarƙa, kamar ƴaƴan carbi a zare. Frederick Sanger ne ya fara karanta jerin wani furotin gaba ɗaya: insulin, mai asid amine 51, aikin da ya kammala a 1955.

Halin rassan shi ne muhimmi. Wasu suna son ruwa, daga cikinsu akwai masu ɗauke da cajin lantarki. Wasu kuwa gudun ruwa suke kamar mai. Da yake cikin ƙwaya ruwa ne, sarƙar takan naɗe kanta, masu gudun ruwa su shige ciki, masu son ruwa su tsaya a waje. Ana rarrabe hawa 4 na wannan tsari: jerin asid amine; ƴan murɗe-murɗe da ninke-ninken da ke samuwa nan da can; naɗin sarƙar gaba ɗaya; sai haɗuwar sarƙoƙi da dama su zama abu guda. Dogon ƙyalle ba ya zama rawani sai an naɗa shi. Bambancin kawai, furotin ba ya jiran manaɗi: jerinsa ne ke ƙayyade naɗinsa, naɗinsa kuma shi ke ƙayyade aikinsa.

Daga cikin asid amine 20, akwai 9 da jikin mutum ba ya iya ƙerawa, sai daga abinci. Ɗaya daga cikinsu lizin ce, wadda ta yi ƙaranci a hatsi da dawa, amma wake yana da ita isasshiya. Manomin Gabi da ke shuka wake a tsakanin hatsi ya haɗa abin da ya dace. Sai dai a kula: ciki ba ya ɗaukar furotin ɗin wake ko na nama ya liƙa wa jiki yadda yake. Wargaza shi yake yi zuwa asid amine ɗai-ɗai, sa'an nan ƙwayoyin jiki su sake jera su bisa umurnin ADN ɗinsu. Abinci yana kawo tubali, ba ya kawo tsarin gini.

3. Daga haruffa 4 zuwa asid amine 20

Yankin ADN da ke ɗauke da umurnin furotin guda shi ake kira jen. Mutum yana da wajen 20 000 irin waɗannan. Ana kwafe saƙon jen a kan wani ARN ɗan aike, wanda Jacob da Jacques Monod na Cibiyar Pasteur suka yi bayaninsa a 1961. Shi ke fita daga cibiya ya kai saƙon ga ribozom, maƙerar furotin.

To, yaya haruffa 4 za su ambaci abu 20? In an karanta su bibbiyu, 4 sau 4 ya ba da 16, bai isa ba. In uku-uku ne, 4 sau 4 sau 4 ya ba da 64. Haka kuwa abin yake: kowace kalma harafi 3 ce, ana kiranta kodon. A 1961 Marshall Nirenberg da Heinrich Matthaei suka gano ma'anar ta farko, UUU, watau fenilalanin. Zuwa 1966 an san dukan 64: guda 61 suna ambaton asid amine, 3 kuma aya ce, inda karatu ke tsayawa.

Abu 3 za su ja hankalin mai nazarin harshe. Na farko, akwai sauyin da ba ya taɓa ma'ana: GAG da GAA duk asid gulutamik ne, kamar yadda mutumin Gabi zai ce hura, Bakano ya ce fura, abin sha ɗaya ne. Na biyu, akwai sauyin harafi guda mai juya ma'ana, irin na tagwayen kalmomi da muke kafa hujja da su a ilmin tsarin sauti:

(2) kafa / ƙafa. Bari / ɓari

Na uku, babu fili tsakanin kalmomin, ƙidaya uku-uku kawai ke raba su. In harafi guda ya faɗi, duk abin da ke bayansa ya rikice:

(3) sai mun kai can
aim unk aic an

Wannan tsari na ƙananan abubuwa marasa ma'ana masu haɗuwa su ba da masu ma'ana yana tuna mana gaɓantuwa biyu ta André Martinet (1960). Amma kamancin yana da iyaka. A nan babu mai magana, babu mai sauraro, babu nufi. Ma'anar kodon ba ta wuce asid amine ɗin da yake jawowa ba. Muna aro kalmomin ne domin koyarwa.

4. Amosanin jini: tagwayen kalmomi a cikin jiki

Emogobin na babban mutum, wanda ake kira A, sarƙa 4 ne: alfa 2, kowace asid amine 141, da beta 2, kowace 146, jimla 574. Kowace sarƙa tana riƙe da ƙwayar ƙarfe guda, inda oksijen ke kamawa. Jen ɗin beta yana kan kuromozom na 11. Ga kodon na 5 da na 6 da na 7:

(4) A: CCT GAG GAG (purolin, asid gulutamik, asid gulutamik)
S: CCT GTG GAG (purolin, valin, asid gulutamik)
C: CCT AAG GAG (purolin, lizin, asid gulutamik)

Tsakanin A da S harafi ɗaya ne ya sauya. Asid gulutamik mai son ruwa ne, mai caji. Valin mai gudun ruwa ce, ba ta da caji, ga shi kuma gurbi na 6 a fatar furotin yake, ta waje. Idan emogulobin S ya sauke oksijen, valin ɗin nan takan nemi maɓoya a jikin emogulobin na kusa, wancan ma ya manne da na gaba, har su zama dogayen sanduna. Jar ƙwayar jini, wadda a da take da laushi, sai ta sandare ta lanƙwashe kamar lauje. Irin waɗannan ƙwayoyi suna toshe ƙananan jijiyoyi, shi ne ciwon ƙashi. Suna kuma mutuwa cikin kwana 10 zuwa 20, alhali lafiyayyu suna kai 120, shi ne ƙarancin jini da ɗorawar ido. Jariri yakan yi watannin farko lafiya domin yana da sauran emogulobin na ɗan tayi, wanda babu beta a cikinsa. Daga wajen wata 6 ake fara ganin kumburin hannu da ƙafa.

James Herrick ya bayyana ƙwayoyin masu siffar lauje a Shikago a 1910. Linus Pauling da abokan aikinsa sun nuna a 1949 cewa aibin a cikin emogulobin yake, Vernon Ingram kuma ya gano a 1956 zuwa 1957 cewa asid amine guda ne ya bambanta. A 1954 Anthony Allison ya nuna dalilin yawan S a Afirka: mai S guda yana da kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. A ƙasar Hausa, binciken zazzaɓin da aka gudanar a Garki, cikin jihar Jigawa ta yau, daga 1969 zuwa 1976, wanda Alan Fleming da abokan aikinsa suka buga ɓangarensa na emogulobin a 1979, ya sami S guda ga wajen jariri 1 cikin 4, S biyu kuma ga wajen 2 cikin 100. A cikin manya kuwa da ƙyar aka sami mai S biyu, domin ba su kai girma ba.

5. Komawa ga « a jini yake »

Yanzu muna iya auna jimlar. Ta yi gaskiya a fuska ɗaya: a cikin jini ciwon yake bayyana. Amma a Hausa jini yana nufin dangantaka kuma. « Jinina ne » na nufin ɗana ne ko ɗan'uwana. Mai sauraro yakan haɗa ma'anar biyu, ya ɗauka ta hanyar jini ake gadon. Ba haka ba ne. Jar ƙwayar jini da ta ƙosa ba ta da cibiya ma, balle ADN na cibiya. Jinin uwa da na ɗan tayi kuma kowane da hanyarsa, mabiyiya ce ke tsakani. Gado yana bi ta ƙwan mace da maniyyin namiji, 23 da 23.

Saboda haka kowane mutum jen ɗin beta 2 gare shi, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Mai AS galibi lafiyarsa lau, bai ma san yana ɗauke da kome ba. Idan AS ya auri AS, ga rabon kowane ciki:

(5) AA: 1 cikin 4, AS: 2 cikin 4, SS: 1 cikin 4

Abin da ya biyo baya a fili yake. Yaro mai SS ya karɓi S ɗaya daga uwarsa, ɗaya daga ubansa. Haka ma mai SC, kowane mahaifi ya ba da nasa. Saki ba magani ba ne, domin mijin zai tafi da nasa S zuwa ɗakin amarya, in ita ma AS ce lissafin bai sauya ba. Rabon nan kuma na kowane ciki ne daban: mai yiwuwa a haifi 3 a jere masu SS, mai yiwuwa a haifi 6 babu ko ɗaya. Auren zumunci yana ƙara yiwuwar haɗuwar S biyu, amma inda mutum 1 cikin 4 ke ɗauke da shi, bare ma yana haɗuwa da bare. Ba mu ce duk wabi amosanin jini ne ba, zazzaɓi da ƙyanda da tamowa suna da nasu kaso. Sunaye irin su Ajuji da Ajefas da Ayashe dai shaida ne cewa Hausawa sun daɗe da lura da mutuwar yara bi da bi a ɗaki guda.

Tsarin furotin ya kuma bayyana bambancin awon da ake yi. Awon Emmel yana nuna akwai S, ba ya raba AS da SS. Awon elektiroforez yana rabawa, domin caji yake bi: A mai asid gulutamik ya fi sauri a filin lantarki, S da ya rasa cajin yana baya, C mai lizin ya fi kowa jinkiri. Wannan shi ne awon da ya kamata masu niyyar aure su nema. A Yamai akwai cibiyar ƙasa ta wannan cuta. A jihar Kano kuwa dokar 2024 ta wajabta awon kafin ɗaurin aure. Babu abinci ko saiwar da za ta mai da GTG ta koma GAG, amma rigakafi, da kariya daga sauro, da penisilin, da yawan shan ruwa, da maganin idiroksi-ure mai ƙara emogulobin na ɗan tayi, suna raya yaran. Maganin Casgevy da aka amince da shi a Ingila da Amurka a ƙarshen 2023 shi ma emogulobin na ɗan tayi yake farfaɗowa, kuma farashin da aka sa masa a Amurka ya wuce dala miliyan 2.

6. Shawara a kan kalmomi

Babbar matsala ita ce « ƙwayar halitta », wadda ake ji a rediyo a madadin cellule da gène da ADN baki ɗaya. Kalma guda ba za ta ɗauki hawa 3 na tsari ba. « Asid » ma ruwan batir yake tuna wa mutane, « sukari » kuma na shayi. Muna ba da shawarar a bar kalmomin aro ga aji da littafi, a yi amfani da na gida wajen yi wa jama'a bayani:

(6) cellule: ƙwayar jiki
noyau: cibiyar ƙwaya
ADN: zaren gado
chromosome: ƙunshin gado
nucléotide: harafin gado
gène: umurnin gado
acide aminé: tubalin furotin

A maimakon « a jini yake » kuwa, muna ba da wannan: « ciwon yana bayyana a jini, amma gado ne na ɓangare biyu, rabi daga uba, rabi daga uwa ».

7. Kammalawa

Mun bi hanya daga haruffa 4 zuwa kodon 64, daga nan zuwa asid amine 20, da naɗin furotin, har zuwa ƙwaya mai siffar lauje. Kalmomin da ke (6) shawara ce, ba a gwada su ba tukuna. Aikin da ya rage na ɗalibanmu masu zurfafa bincike ne: a kai su ƙauyukan Gabi da Madarumfa, a faɗa wa iyaye maza da mata da ungozomai da limamai masu ɗaura aure, sa'an nan a roƙe su su maimaita bayanin da bakinsu. In a cikin maimaitawar an ambaci uba tare da uwa, kalmar ta yi aikinta. In an koma ga jinin uwa kaɗai, sai a sake nemo wata.